Tsohon da ke Rataye a Falon Baba

Wasiƙu uku na zaɓo wannan watan daga cikin waɗanda suka taru. Ta farkon ta cinye kusan dukan filin, masu sauran biyun su yi mini haƙuri. Wanda kuma ya aiko yana tambayar hukuncin rataye hoton mutum a ɗaki, wannan ba fagena ba ne, ya nufi malaman unguwarsu. Ni zane na koyar har na yi ritaya, iyakacina ke nan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu bayan Babbar Sallah, yanzu ana lissafin kayan gado. A cikin kayan akwai wani ɗan hoto baƙi da fari a cikin firam, tun muna yara yake rataye a falonsa. Hoton wani tsohon Bature ne mai gemu da 'yar hula, yana zaune a kujera mai hannu, taga a bayansa, guduma da wasu ƙarafa a kan tebur a gefensa. A jikin tagar an rubuta Rembrandt da 1656. Baba ya sha gaya mana cewa Baturen da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a masaƙa a Kakuri ne ya ba shi da zai koma gida. A bayan firam ɗin akwai 'yan takardu biyu manne, sun yi ja don tsufa, rubutun kuma ba Turanci ba ne. Ƙanena ya duba a waya ya ce irinsa miliyoyi ake sayarwa. Har wani dillali ya zo ya taya, ya ce takardar kawai yake so, firam ɗin mu riƙe abinmu. Yayanmu ya ce a sayar a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Don Allah na gaske ne? Kuma ta yaya ake sanin hannayen da irin wannan hoto ya bi da wuraren da aka taɓa nuna shi?
Daga wata 'yar'uwa, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ku kuma ya haɗa kanku a kan abin da ya bari.

Kafin komai, kada a cire takardar nan daga firam ɗinta, kada a ɓare abin da ke manne a baya, kada wani ya ɗauko tsumma ya ce zai goge. Dillalin da ya ce ku riƙe firam shi ya tafi da takarda, ko dai bai san sana'ar ba, ko kuwa ya santa fiye da yadda yake nuna muku. Ko wanne ne, a ba shi ruwa ya sha, a ce ya saurara tukuna.

Tsohon naku kuwa na gane shi tun ban kai ƙarshen wasiƙarki ba. Sunansa Jan Lutma, maƙerin fari ne, mai aikin azurfa da zinariya a birnin Amstadam na ƙasar Holan. Gudumar da ƙarafan da kika gani kayan sana'arsa ne. Koma ki duba da kyau, za ki ga kawunan zaki a saman kujerar, da kwalba a bakin taga, da wani ɗan abu da yake riƙe da shi a hannun dama. Rembrandt, shahararren mai zanen nan na Holan, shi ya zana shi a 1656, shekarar da bashi ya ci ƙarfinsa har hukuma ta shiga gidansa tana rubuta kayansa ɗaki bayan ɗaki. Mai zanen da wanda aka zana duk a 1669 suka mutu.

Tambayarki ta "na gaske ne" ba ta amsuwa da e ko a'a sai kin san yadda aka yi abin. Ba da alƙalami ko buroshi aka taɓa takardar nan ba. Farantin jan ƙarfe ake samu a goge shi ya yi sumul, a shafe shi da wani haɗi na kakin zuma da danƙo da kwalta. Mai zane ya ɗauki allura ya yi zanensa a kan kakin, duk inda allura ta bi sai ƙarfe ya bayyana. Sai a tsoma farantin a ruwan asid. Asid ba ya cin kaki, layukan nan kawai yake bi ya ci ƙarfen, ya bar ramuka sirara kamar gashi. A wanke kakin, a cusa tawada cikin ramukan, a share saman da tsumma a ƙarasa da tafin hannu, a ɗora takarda mai laima, a murza su tsakanin ƙarafan injin matsi. Takarda ta nutsa cikin ramuka ta zuƙo tawada. In ana son wani, a sake cusa tawada a sake murzawa. Turawa na ce masa ecin, ni bugun faranti nake ce wa ɗalibaina. Har yau in na ji warin ruwan batir a garejin makaniki sai ɗakin bugu na Samaru ya faɗo mini a rai, da yatsunmu da ke kwana uku baƙi ƙirin.

Ki ɗauke shi kamar hatimin sarki. Wasiƙa ɗari, hatimi ɗaya, kowace kuma ta gaske ce. Sai dai hatimi yakan daɗe bayan sarkin, kuma yakan faɗa hannun wani. Ga shi jan ƙarfe ba shi da tauri, duk murzar da aka yi masa sai ya ɗan suɗe. Bugun farko-farko baƙinsa sai ka ce karan-miski, na ƙarshe-ƙarshe kuwa ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki.

Shi Rembrandt kansa yakan buga kaɗan, ya duba, ya koma kan farantin ya ƙara wani abu, ya sake bugawa. A bugun farko na hoton Lutma babu taga, babu kwalba, babu ma sa hannu, bayan tsohon fari fat. Daga baya aka ƙara su, tare da wani rubutu da Latin mai faɗin sunan maƙerin da sana'arsa. Ke nan tagar da kika ambata ta riga ta gaya mana naku ba daga wancan zubin na farko ya fito ba, wanda shi ne masu kuɗi suka fi kokawa a kansa.

Da Rembrandt ya mutu farantansa ba su bi shi kabari ba, kuma tafiyar da suka yi ita ce rabin amsarki. Wani mai sayar da hotuna a Amstadam, Clement de Jonghe, da aka yi lissafin kayan gadonsa a 1679, an tarar da farantan Rembrandt 74. A ƙarni na gaba da yawa daga cikin farantan suka ƙetara Faris, suka shiga hannun wani mai hali mai sha'awar zane, Watelet, wanda bai tsaya ga ajiya ba, har allura ya sa ya tayar da layukan wasu da suka suɗe. Da ya mutu a 1786 ɗan kasuwa Basan ya saye su, a 1789 ya buga su ya ɗinke ya fitar da littafi yana sayarwa. Daga Basan sai ɗansa, daga ɗansa sai wani Jean, daga Jean sai Bernard, kusan kowa ya karɓa sai ya murza rabonsa. A 1906 suka koma wajen Alvin-Beaumont, a 1938 wani lauya ɗan Amurka, Robert Lee Humber, ya saye su. Sun daɗe a ajiye a gidan adana zane-zane na jihar North Carolina, sai a 1993 magadansa suka sa su a kasuwa, faranti kusan 80, suka watsu duniya. Farantin Lutma yana cikin waɗanda suka rayu aka ci gaba da bugawa a Faris, mai zanen yana da shekara ɗari da ɗoriya a ƙasa.

Ke nan abu uku ne zai iya kasancewa a falonku. Ko bugun da aka yi Rembrandt yana raye, wanda shi ne na miliyoyin da ƙanenki ya gani. Ko bugun baya daga farantin asali, wanda yake da kuɗinsa daidai gwargwado amma bai kama ƙafar na farkon ba. Ko kuma kwafi. Kwafin ma iri-iri ne. A ƙarni na 19 wani Bafaranshe, Amand-Durand, ya ƙware wajen ɗaukar hoton bugu mai kyau ya mayar da shi kan sabon faranti ya buga, abin ya fito har masana sai sun ƙura ido. Shi bai yi don cuta ba, jan tambarinsa yake bugawa a bayan takardar. Waɗanda suka zo bayansa ne wasu ke kankare tambarin. Akwai kuma na kantin gidan tarihi, wanda duk ɗan yawon buɗe ido da ya je Amstadam zai saya da kuɗin shayi.

In da caca halal ce, 'yata, da na ajiye hulata a kan na ukun. Ma'aikacin masaƙa mai cin albashi, a Kaduna mai ƙurar hunturu da raɓar damina, ya rataye bugun ƙarni na 17 a bango, sannan ya bayar kyauta ranar tafiya? Da kamar wuya. Amma ban ce ba ya faruwa ba. Hoton Tutu na Ben Enwonwu, shahararren mai zane ɗan Najeriya, ya yi shekaru ba a san inda yake ba, sai a 2017 aka gan shi a wani ɗan gida a arewacin Landan, a Fabrairun 2018 gidan gwanjo na Bonhams ya yi gwanjonsa a kan fam miliyan 1.2. Sai dai ki tuna gidaje nawa ne a ƙasar nan suka rataye kwafin Tutu ɗin nan a falo. Kama da wane ba ta wane.

Akwai abin da za ki iya dubawa yau ba tare da an buɗe komai ba. Ari gilashin ƙara girma wajen mai gyaran waya ko mai gyaran agogo, ki ɗora a kan fuskar tsohon. In kika ga 'yan ɗigo-ɗigo a jere kamar na hoton jarida ko kalanda, magana ta ƙare, kwafin inji ne. Bugun faranti layuka ne zalla, tawadar kuma ta ɗan taso sama da takarda, kina gani in kika haska tocila daga gefe. Ki duba ko akwai shatin gefen faranti da ya nutsa cikin takardar ya kewaye hoton. Ki sa rula: farantin Lutma tsawonsa kusan santimita 20 ne, faɗinsa kusan 15. In naku ya kai girman kalanda, kin huta. In kuma kika ga an sa hannu da fensir a ƙasa, ko an rubuta lamba irin 40/200, to wannan ba aikin zamaninsa ba ne, don al'adar nan sai a ƙarni na 19 ta shigo.

In ya tsallake waɗannan, sai a zo kan takardar kanta, wannan kuwa sai wanda ya iya ya buɗe. Takardar Turai ta wancan zamani da tsumma ake yinta da hannu, in aka ɗaga ta ga haske ana ganin layukan rariyar da aka tace ta, sau da yawa da alamar masana'antar a ɓoye a ciki, irin wadda kike gani in kin ɗaga takardar naira. Mu ma nan mun san wannan. Tsofaffin littattafan malamanmu na hannu da yawa a kan takarda mai alamar jinjirin wata uku aka rubuta su, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada. Masana sun bi alamun takardun da Rembrandt ya yi aiki da su ɗaya-ɗaya, har suna iya cewa wannan bugun na shekaru kaza ne. Takarda mai santsi marar layuka kuwa sai bayan 1750 aka fara yinta a Turai. Wani lokaci Rembrandt yakan buga a kan takardar Japan, amma wannan wani zance ne.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ce kada a taɓa firam. Duk wanda ya taɓa sayen fili a Rigasa ko Mando ya san ba ƙasar kaɗai ake saye ba, sai an tambayi wa ya sayar wa wa, ina takardar, wane mai unguwa ya shaida. Masu hadisi ma kafin su dubi magana sai sun dubi waɗanda suka ɗauko ta. Hoto ma da salsalarsa. Na taɓa zama a Gidan Arewa ana nuna mini wasu littattafan hannu, abin da ya fi riƙe ni shi ne ganyen ƙarshe, inda marubuci ya sa sunansa, can gefe kuma da wata tawada daban wani ya rubuta cewa littafin ya zama mallakarsa. Haka Turawa masu tara hotuna suka riƙa yi. Wani ya sa hannu da shekara a bayan takardar, wani ya buga ɗan tambari ƙarami kamar ƙwayar gero, mai harufan sunansa ko tauraro ko kambi. Wani ɗan Holan, Frits Lugt, ya bi tamburan nan ya tattara sama da 3,000 ya fitar da littafi a 1921, ya ƙara wani a 1956, kowane tambari da lambarsa da labarin mai shi da ranar da aka yi gwanjon kayansa. Yau gidauniyar da ya kafa a Faris ta sa su a intanet, kyauta ake dubawa. Tambari ɗaya yana iya kai ki ga kundin wani gwanjo na shekara 200 da suka wuce, inda aka rubuta hoton da lambarsa, wani lokaci har da sunan wanda ya saya da abin da ya biya.

Amma tambari ma ana yi masa ƙarya, kuma ba yau aka fara ba. Wani malamin coci mai suna Cracherode ya mutu a 1799 ya bar wa Gidan Tarihin Birtaniya tarin hotunansa, da na Rembrandt masu kyau a ciki. Sai wani mai zanen barkwanci, Robert Dighton, ya shige jikin mai tsaron ɗakin da 'yan kyaututtuka, har aka saki jiki da shi. Ya shigo da jakarsa, ya fita da ita ta ƙara nauyi. In ya kai gida ya kankare alamar gidan, ya buga tambarinsa, wani lokaci ya ƙaga na wasu tsofaffin masu tarawa don a ce can ya samo. A 1806 wani dillali, Samuel Woodburn, ya sayi ɗaya a hannunsa, ya ɗauka ya nufi gidan tarihin don ya gwada da nasu. Aka buɗe kundi, aka tarar wajen fayau. Nasun ne a hannunsa. Mai tsaron ɗaki ya rasa aikinsa. Shi ya sa masana ba sa tsayawa ga shaida ɗaya, sai tambari ya yi daidai da kundi, kundi ya yi daidai da takarda.

Batun wuraren da aka nuna shi kuwa, yawanci a bayan firam yake. Haske yana cin takarda, saboda haka gidajen tarihi ba sa barin irin wannan a bango shekara da shekaru. Wata uku ko huɗu a ɗaki mai rangwamen haske, sai a mayar da shi akwati ya huta. In mai hoto ya ba da aronsa don baje koli, sai a manna 'yar takarda a baya mai sunan gidan, da sunan bajekolin, da shekara, da lambar da aka ba shi, wani lokaci da sunan mai aron. Sai a nemo kundin wannan bajekoli a buɗe lambar. In an ga Lutma, da girmansa, da sunan mai shi, to an sami tsani ɗaya mai ƙarfi, domin an san masana sun juya shi a hannu kafin su yarda su rataye. Takardun nan biyu naku suna iya zama wannan. Suna kuma iya zama tallar shagon da ya haɗa firam ɗin kawai, ko ta kantin gidan tarihi. Ko hakan ne ba a yi asara ba, an san gari, an kuma san kusan zamani. Abin lura ɗaya: firam yana canja mai ciki, kamar riga. Takardar baya tana iya zama ta gaskiya, abin da ke ciki kuma baƙo.

Su manyan gidajen gwanjo akwai wani giɓi da suke tsoro musamman, wato 1933 zuwa 1945, lokacin da 'yan Nazi suka ƙwace kayan mutane a Turai. Hoton da ba a san inda ya kwana a shekarun nan ba sai an yi ta tambaya. Mu da aka kwashe wa kayan Benin a 1897 bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba.

Bari in gaya miki wautar da na tafka, don kada ki ce daga littafi nake karanto miki. Da muka gama karatu wani abokin ajinmu ya ba ni bugu ɗaya na hoton kakarsa da ya yi, ya sa hannu da fensir a ƙasa, ya rubuta lamba, a allon baya kuma akwai takardar bajekolin ƙarshen shekara da aka nuna shi. Bayan shekaru gilashin ya fashe wajen ƙaura. Na kai wa wani mai firam a cikin garin nan, na ce ya canja gilashi, na wuce makaranta. Da na dawo ya tarbe ni da fara'a, wai ya yi mini gyara na musamman. Ya ga yana da wani firam mai ruwan zinariya da ya ɗan fi ƙanƙanta, sai ya sa reza ya rage farin gefen don ya shiga. Sa hannu da lamba suka bi shara. Allon baya kuwa, da takardarsa, ya ce ya tsufa, yaransa sun sa a ƙarƙashin janareta. Ban iya ko yi masa faɗa ba, don ni ne ban tsaya ba. Abokin nawa ya rasu, hoton yana nan a ɗakina, ni kaɗai na san na wane ne, ranar da na bi shi kuwa shi ke nan.

Saboda haka tun yau ki sami littafi ki rubuta abin da Baba ya faɗa game da hoton, da waɗanda suka ji daga bakinsa. Sunan Baturen, ƙasarsu, sashen da ya riƙe a masaƙar, wajen wace shekara ya tafi. In mahaifiyarku tana raye ita ce shaida ta farko. Abokan aikinsa na Kakuri da suka rage, ki sa a kai ki ki gaishe su, tsofaffi ba sa manta Baturen da suka yi aiki da shi, har sunan da suka laƙaba masa za su gaya miki. Ki tono tsofaffin hotunan suna da na biki da aka ɗauka a falon, in hoton ya fito a bango a bayan mutane, wannan shaida ce cewa yana gidan tun lokacin. Sannan ki ɗauki hoton gaba da baya da waya, da rana, ba da filasha ba, takardun nan biyu kuma ki matsa kusa har rubutun ya karantu.

Da waɗannan za ki iya zuwa sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ki nemi mai koyar da bugu, ko ki fara leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu su nuna miki wanda ya dace. Manyan gidajen gwanjo irin su Christie's da Sotheby's da Bonhams duk suna karɓar hotuna ta shafukansu su faɗi ra'ayinsu ba tare da an biya ba. In ba su ga alamar komai ba za su ce ba sa buƙata, wannan ma amsa ce. Duk wanda ya ce a turo kuɗin rajista, ko a ba shi hoton ya kai Legas a duba, a rufe ƙofa. In kuma har ta kai ga fitar da shi waje, sai an bi ta hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa an ji abin da doka ta ce.

Ki gaya wa yayanku, da ladabi, cewa a sa hoton cikin lissafin gado amma a dakata da yi masa kuɗi, da yardar dukan magada, a ajiye shi wajen wanda kowa ya amince da shi. In aka sayar a kan tayin dillali daga baya ya zama wani abu, har jikoki sai sun ji zancen. In kuma ya zama kwafi, kamar yadda nake zato, sai a yi masa kuɗin firam da gilashi, ke da hankalinki ya fi kwanciya da shi ki karɓa cikin rabonki. Ki turo mini hoton takardun bayan nan ta ofishin mujalla, ina son in ga ko da wane harshe ne.

TAMBAYA: Baba Malam, ni ɗalibin zane ne, na fara buga ayyukana ina sayarwa. Na ga ana rubuta 7/30 ko A/P a ƙasan hoto. Me suke nufi, kuma dole ne in yi?
Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Ɗana, 7/30 alkawari ne: ka ce 30 kawai za ka buga, wannan shi ne na bakwai. A/P kuwa 'yan kaɗan ne da mai zane ke ware wa kansa a wajen lissafin. Ba wanda zai kama ka in ba ka rubuta ba, amma in ka rubuta 30 sannan kasuwa ta buɗe ka ƙara 20 a ɓoye, ranar da masu lamba bakwai biyu suka haɗu a falo ɗaya sunanka ya mutu. In ka cika adadin, ja layi a kan farantin ko ka huda shi, ka ga dai abin da ya sami na Rembrandt a sama.

Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne littafi. Sayi mai bangon kwali irin na 'yan kasuwa, kowane aiki da shafinsa: suna, shekara, girman faranti, irin takarda, nawa ka buga, lamba kaza wa ya saya, yaushe, nawa. In an nuna shi a wani waje, ko a zauren makarantarku ne, ajiye katin gayyata da takardar jerin ayyuka. Yanzu za ka ga kamar wasa ne. Manyan masu zanen ƙasar nan su Bruce Onobrakpeya da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo ma ɗalibai ne a Zariya sa'ad da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, yau kuwa ɗan katin bajekolinsu na lokacin masu bincike nemansa suke ido rufe. Kuma kada ka yar da farantin da ya ɓaci. A 1967 asid ya lalata wa Onobrakpeya faranti, ya cike ramukan da danƙon manne abubuwa mai suna Araldite don ya ceto shi, daga nan ya gano salon bugun da aka san shi da shi.

TAMBAYA: Malam, hoton mahaifina na zanen fensir ya fara yin jajayen ɗigo-ɗigo tun damina. In goge da me?
Daga wani magidanci, Kawo, Kaduna.

AMSA: Alhaji, kada ka goge da komai, musamman ruwan bilic da na ji wasu na ba da shawara, takardar zai ci. Laima ce ta kawo su, kuma ina kyautata zaton bangon da ka rataye shi na waje ne ko yana jingine da banɗaki. Sauke shi ka mayar bangon ciki inda rana ba ta bugawa, ka sa 'yan marafan kwalaba biyu a baya don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da siminti. In takardar ta manne da gilashi, ko allon bayan kwalin katan ne, a canja da farin kwali mai kyau, a sa wani a gaba ya raba ta da gilashin. Ɗigon da ya riga ya fito ba zai koma ba, amma zai tsaya. Ranar da za a yi aikin ka ɗauki kujera ka zauna a shagon har a gama, tsohon allon kuma ka taho da shi gida.